Zancen Gona: Gidan masu inabi da gandun Gidan Rumji

A ƙasar Faransa akwai wani gari, sunansa Beaune. Arzikin mutanen wurin gonakin inabi ne. Suna matse ƴaƴan su yi giya, su kai kasuwa. Giya haramun ce ga musulmi, wannan ba shi da gardama. Amma yadda wani gida na can ya riƙe gonarsa shekara ɗari da wani abu, ya isa manomin Gidan Rumji shi saurara.

Cikin 1880 wani mutum, Joseph Drouhin, ya buɗe gidan ciniki a garin. Da fari saye yake yi shina sayarwa. Ɗansa Maurice ya ga ciniki ba gona kamar rumbu ne ba hatsi, sai ya shiga sayen gonaki. Cikin 1957 Robert Drouhin ya karɓi gidan. Shina da ɗiya huɗu, maza uku da mace guda. Da suka girma ba su yanka gonakin gida huɗu ba. Aiki suka raba. Guda ya tsaya ga gona, macen ta tsaya wurin matsa, guda ya bi kasuwannin waje, guda ya riƙe shugabancin gidan. Har ƙasar Amurka suka sayi fili cikin 1987.

Nan kusa da su akwai wata gona a ƙauyen Vougeot, wajen hekta 50. Har 1889 hannun gida guda take. Saye da gado suka yi ta yanka ta, yau masu ita sun kai wajen 80. Wani layi kaɗan gare shi.

To, wannan ciwon ba baƙo ba ne a jahar Maraɗi. Da can mai gida da ƙannensa da ɗiyansa gandu guda suke noma, rumbu guda, kowa kuma da ƴar gayaunarsa. Yanzu daga Tibiri har Cadakori da Gidan Sori, tsoho na rasuwa sai a kawo igiyar awo. Gonar da ta ciyar da mutum ashirin ta koma tsintsiya-tsintsiya. Mai ƙaramin yanki ba ya iya gina rijiya shi kaɗai, ba ya iya sayen shanun noma. Shekara guda ta ƙi, sai jingina, daga jingina sai sayarwa ga mai kuɗin birni. Saurayin ya ɗauki jikkarsa ya nufi Kano ko Agadas.

Rabon gado umurnin addini ne, ba mai hana shi. Kowa shi san rabonsa gaban malamai da shaidu, mata su ma a ba su nasu. Tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitin gonaki da ke ba da takardar shaida. Amma sanin rabo daban, kafa shinge daban. Ƴan'uwa na iya riƙe takardunsu su yi noma wuri guda.

Lambu ya fi kowace gona ƙin yanka, balle na bakin Gulbin Maraɗi, inda rijiya guda ke shayar da mangwaro da lemu da zogale. Inabin kansa shina yi a ƙasa mai zafi. Ana noma shi a Timiya cikin duwatsun Abzin, da Kudan kusa da Zariya, ana sayar da shi ɗanye, halal ne. Sai dai icce ne mai son hannu da yawa. Shina son rumfa, da sassabe kan lokaci, da ban ruwa duk rani, da mai korar tsuntsaye. Sai ya shekara biyu ko uku kafin a ga ƴaƴa na kirki. In ya nuna ba ya jira, dole wani cikin gidan shi kwana da shirin kai shi kasuwar Maraɗi tun da asuba.