RA'AYINMU: Titi Ba Ya Zama Makwanci

Duk wanda ya je ganin gida Kafanchan daga Ikko ko Fatakwal a 'yan shekarun nan ya ga canji. Tun da Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙaddamar da shirin sabunta birane a 2019, wanda ya haɗa da Kaduna da Zariya da Kafanchan, an shimfiɗa kwalta a manyan titunan garin. Mun yaba. Amma fa titi ba ya zama makwanci, don haka a kan gidaje ne muke son jan hankalin hukuma.

Aikin hukuma ne ya raya garin nan tun farko. Hanyar jirgin ƙasa ta mai da shi mahaɗa a 1927, aka gina wa ma'aikata gidaje, 'yan kasuwa suka biyo baya, har Sarkin Jama'a ya komo da fadarsa nan a 1933. Da harkar jirgi ta durƙushe, gidajen suka bi ta. Sa'an nan ga tashin hankalin 1987 da 1999 da 2011, wanda a na ƙarshensu kasuwa ta ƙone, maƙwabta na shekara da shekaru suka rabu, da yawa suka koma unguwar masu addininsu.

Ku da ke zaune a Kudu kun ga yadda hukuma kan gyara gari, kun kuma ga yadda takan ɓata. Tsakanin 1979 da 1983 Gwamna Lateef Jakande ya gina dubban gidaje masu rahusa a Amuwo-Odofin da Iponri da Isolo, har yau da mutane a ciki. A 1990 kuwa aka rushe Maroko da sunan gyara, wajen mutum 300,000 suka rasa matsuguni, filin ya faɗa hannun masu hali. Kada Allah ya nuna wa Kafanchan irin wannan gyara.

Mu a namu ra'ayin, a fara daga tsofaffin unguwanni inda jama'a suke. Hukumar tsara birane, KASUPDA, da ta filaye, KADGIS, su auna gidajen, su ba masu su takardar mallaka a kan kuɗin da talaka zai iya biya. In babu takardar nan banki ba ya sauraron mutum, ko da a gidan aka haifi kakansa.

Batun rance ma abin dubawa ne. Asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, an ɗora shi bisa yankan kashi 2.5 cikin 100 na albashi. To, mahauci a Agege ko mai goro a Sabon Ibadan, ina ya ga albashi? Alhali kuɗin irin waɗannan bayin Allah ne ke sayen kwano da siminti a gida. Ya kamata Bankin ba da rancen gidaje na Tarayya ya amince da ƙungiyoyinsu na sana'a su tsaya musu.

Gidajen ma'aikatan jirgi kuwa, Gwamnatin Jiha ta nemi yardar Hukumar jiragen ƙasa, a gyara su, a ba da haya ga Musulmi da Kirista a layi ɗaya, kamar yadda direbobi da makanikai suka zauna a cikinsu a da.