Manhajar Rage Cin Wutar Kwamfuta: A Toshe Ɓarakar Rumbu Kafin A Ƙara Noma

Duk manomin da ke ƙasar Kafur, ko Malumfashi, ko Funtuwa, ya san cewa noma bai ƙare ba ranar da aka yi girbi. Idan an kai masara ko dawa rumbu, sai kuma a koma ga tsare ta daga gara da ɓera da yoyon ruwa, domin buhun da aka tsare daga lalacewa daidai yake da buhun da aka noma, har ma ya fi shi arha tunda ba a sake sayen taki ko biyan 'yan ƙwadago a kansa ba. Wannan hikima ta manoma ita ce nake ganin ya kamata mu ɗauko mu aza a kan wutar lantarkin da kwamfutocinmu suke ci a makarantu da ofisoshi da cibiyoyin jarrabawa.

A 'yan shekarun nan an sami wata kasuwa a duniya ta manhajojin da aikinsu shi ne rage wutar da kwamfuta take ci. Ra'ayina a kan wannan kasuwa shi ne, matsalar da take neman magancewa ta fi damun mutumin Kafur fiye da mutumin Landan, amma mafi yawan maganin yana nan kyauta a cikin kwamfutar da muka riga muka saya. Saboda haka wajibi ne mu fara amfani da na hannu kafin mu kai kuɗinmu kasuwa.

Mene ne aikin waɗannan manhajoji?

Kwamfuta tana cin wuta ko ana aiki da ita ko ba a yi, muddin tana kunne. Allonta yana haske, fankarta tana juyawa, ƙwaƙwalwarta tana jiran umarni. Manhajar tattalin wuta tana lura da wannan. Idan an ɗauki wasu mintoci ba a taɓa kwamfuta ba, sai ta dushe allo, ta rage saurin ƙwaƙwalwar, daga nan ta sa na'urar barci. Wannan tunani ba sabo ba ne. Tun a shekarar 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito da tambarin Energy Star domin na'urorin da ba su da cin wuta, kuma a 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar da ta bai wa manhajar kwamfuta ikon sarrafa wutar sassanta. Daga baya wasu kamfanoni suka shiga sayar da manhajoji irin su NightWatchman da Surveyor, waɗanda ke bai wa ma'aikaci guda damar kashe dubban kwamfutocin banki ko jami'a da dare, ya kuma tashe su da safe, yana zaune a kujerarsa.

Wani ɓangaren kasuwar ya shafi manyan kwamfutocin da ake kira saba, waɗanda ke ajiye bayanai suna rarraba wa sauran. A da, kowane aiki da sabarsa, ga ta kunne dare da rana alhali kaɗan daga ƙarfinta ake mora. Manhajoji irin na kamfanin VMware, wanda aka kafa a 1998, sun sa saba guda tana ɗaukar aikin da dā sai an tara da yawa, sai a kashe sauran. A 2016 kamfanin Google ya bayyana cewa ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ya rage wutar da yake kashewa wajen sanyaya rumbunan bayanansa da abin da ya kai kashi 40 cikin 100.

Dalilin bunƙasar wannan kasuwa a bayyane yake. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 rumbunan bayanai na duniya sun ci wutar da ta kai yunit biliyan 415, wato kusan kashi ɗaya da rabi cikin 100 na duk wutar da duniya ta sha, kuma tana hasashen adadin zai ninka kafin 2030. Wannan ya kai kusan ninki goma na abin da babban layin wutar Nijeriya yake bayarwa a shekara guda.

Ina ruwan Kafur?

Mai karatu zai iya cewa, ai manyan rumbunan bayanai a Legas suke, sai na Galaxy Backbone a Abuja da Kano, to me ya haɗa wannan zance da ƙaramar hukumar da noma ne sana'arta? Abin da ya haɗa su shi ne kwamfuta ta riga ta shigo rayuwar ɗan manomi, ko ya so ko bai so ba. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma a 2024 hukumar WAEC ta fara bin sahu da masu rubuta jarrabawa a matsayin masu zaman kansu. Rijistar katin ɗan ƙasa da neman gurbin karatu da duba sakamako duk sun koma kan na'ura. Yaron da ya tashi a Masari ko Mahuta, in bai taɓa kwamfuta a makarantarsu ba, zai fara ganinta ne ranar jarrabawa, kuma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da yake hana ɗakin kwamfuta aiki a makarantun karkara sau da yawa wuta ce. Wutar KEDCO, kamfanin da ke rarraba lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun bayan sayar da kamfanonin wuta a 2013, ba ta wadatar ba. A watan Oktoba na 2024 mafi yawan jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Fetur kuwa, lita tana ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, amma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A irin wannan hali, barin kwamfuta kunne ba aikin komai tamkar barin injin ban-ruwa ne yana ta zuba bayan fadama ta cika.

Bari mu yi ɗan lissafi. Mu ƙaddara makaranta tana da kwamfutocin tebur 40, kowace tana cin wat 100 haɗe da allonta. A awa guda za su ci yunit 4. Idan a kullum suna yin awa uku a kunne ba mai amfani da su, tsakanin darasi da darasi da lokacin tara, an yi asarar yunit 12 a rana, wato 240 a kwana 20 na karatu. Kwamfutar da take barci kuwa abin da take ci bai wuce wat 5 ba, don haka asarar za ta sauko zuwa yunit 12 kacal a wata. Ko da farashin naira 225 a kan yunit da aka sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilu na 2024 aka yi lissafi, an tsare fiye da naira 50,000 a wata, kuma wutar janareta ta fi wannan tsada.

Inda amfanin ya fi fitowa shi ne wurin masu amfani da hasken rana. Janareta yana shan mai ko da kayan da ya ɗauka sun ragu, saboda haka ragin da ake samu a kansa bai kai yadda lissafi ya nuna ba, sai dai in an koma ƙaramin inji. Amma a tsarin sola, duk wat ɗin da aka rage yana nufin rage yawan farantai da batura da girman inbatar da za a saya, kuma baturan su fi daɗewa kafin su mutu.

A saya ko kada a saya?

A nan ne nake jan hankalin shugabannin makarantu da jami'an ƙananan hukumomi. Manhajojin da ake sayarwa an tsara su ne domin ma'aikatu masu dubban kwamfutoci da ke haɗe a layi guda, kuma galibi da dala ake biyan kuɗinsu, wasu ma duk shekara. Tun da darajar naira ta faɗi bayan sauya tsarin canji a watan Yuni na 2023, irin wannan biya na iya cinye ribar da ake nema. Makarantar da ke da kwamfuta 20 ko 40 ba ta bukatar su. Kowace kwamfuta mai Windows tana da wurin saita lokacin kashe allo da lokacin barci, aikin da bai wuce minti biyu ba. Masu amfani da Linux suna da PowerTOP da TLP, duk kyauta. In ɗan kwangila ya zo da takardar kuɗin manhajar da za ta yi abin da na'ura take yi da kanta, an koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ba ya nufin kasuwar ba ta da muhalli a wurinmu. Cibiyar jarrabawa da JAMB ta amince da ita tana bukatar kwamfuta aƙalla 250, haka kuma manyan makarantu irin su Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina suna da na'urori a sassa da dama. A irin waɗannan wurare manhajar da ke sarrafa duka daga wuri guda tana iya biyan kuɗinta. Sharaɗin kawai shi ne a auna wutar da ake ci kafin a sa ta, a sake aunawa bayan an sa, a ga ko ragin ya fi kuɗin da aka biya.

Akwai masu sukar da ke cewa barcin kwamfuta haɗari ne a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, domin aikin da ba a adana ba yana salwanta. Maganarsu gaskiya ce game da kwamfutar tebur, amma akwai wani nau'in barci mai zurfi wanda ke kwashe aikin ya ajiye a faifai sannan na'ura ta mutu gaba ɗaya, kuma shi ya fi dacewa da mu. Wasu kuma suna cewa manhaja ba ta mayar da tsohuwar na'ura mai haɗama ta zama sabuwa. Wannan ma haka yake, shi ya sa zaɓen na'ura ya riga manhaja. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana gudanar da aikin makaranta da wat 30 ko kusa da haka, ga kuma batirinta. Idan cibiya mai kwamfuta 250 ta zaɓe ta maimakon ta tebur, bukatarta za ta sauko daga wat 25,000 zuwa kimanin 7,500.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, duk hukumar da za ta raba wa makarantu kwamfuta, ta jiha ce ko ta tarayya, ta rubuta a takardar kwangila iyakar wutar da kowace na'ura za ta ci, kuma a kawo ta an riga an saita barcinta. Na biyu, kwalejojin ilimi su sa tattalin wutar kwamfuta cikin darasin da suke koya wa ɗalibai malamai, domin wanda aka tura makarantar ƙauye shi ne malami, shi ne kuma injiniyan ɗakin kwamfuta. Na uku, matasanmu da suka karanci kimiyyar kwamfuta su lura cewa akwai abin yi a nan: zagayawa makarantu da shagunan buga takardu ana auna wuta, ana saita na'urori, ana ba da shawarar girman solar da ta dace, a biya su da naira.

Samar da isasshiyar wuta ga ƙasar Kafur nauyi ne da ke kan gwamnati da kamfanonin lantarki, kuma tattali ba ya sauke musu shi. Amma kafin wannan rana ta zo, shugaban makarantar da ya saita kwamfutocinsa zai iya koyar da aji biyu da wutar da a da take ƙarewa a kan aji ɗaya, kuma wannan bai jira kasafin kuɗin kowa ba.