Na'urar Kashe Gobara da Masu Wanki Ke Kashewa

Duk wanda ya taɓa leƙa madafar babban otal ko gidan abinci na zamani a Abuja, Kano ko Yamai ya ga wata doguwar rumfa ta farin ƙarfe a saman murhu, tana zuƙe hayaƙi da tiriri tana turawa waje ta bututu. A wasu wuraren, idan ya ɗaga kai da kyau, zai hango siraran bututai a ƙarƙashin rumfar, kowanne da ɗan bakin feshi yana duban tukunya, ga kuma akwatin ƙarfe a jikin bango da tulun sinadari a ciki. Wannan ita ce na'urar kashe gobarar madafa. Mai gida ya saye ta da kuɗi masu tsoka, yana nuna ta ga jami'in kashe gobara, yana nuna ta ga kamfanin inshora, hankalinsa kwance. Abin da bai sani ba, ko bai so ya sani ba, shi ne na'urar tana iya mutuwa shiru ba tare da ta sauya kama ba, kuma daren da aka fi kashe ta shi ne daren da ya biya kuɗi a wanke masa rumfar. Laifin kuwa nasa ne da manajansa kafin ya zama na yaran da suka yi wankin.

Aikin na'urar ba shi da sarƙaƙiya. Akwai wata waya ta ƙarfe da aka ɗaure tamau, ta bi ta bayan matatun maiƙo da ke cikin rumfar. A jikin wayar, a saitin murhu da bakin bututun hayaƙi, akwai ƙananan mahaɗai: ƙarafa biyu da aka manne da wani ƙarfe mai saurin narkewa. Kowane mahaɗi da zafin da aka yanka masa, kuma ɗaya daga cikin waɗanda aka fi gani yana rabuwa ne a digiri 182 a ma'aunin Salsiyas. Idan wuta ta tashi, mannen ya narke, wayar ta saki, sai wata allura ta huda ɗan tulun iska mai matsi, iskar ta kora sinadarin ruwa cikin bututai ya fita ta bakunan feshi. A daidai lokacin nan bututun gas zai toshe, lantarkin kayan girkin da ke ƙarƙashin rumfar ya yanke. Akwai kuma mariƙi a hanyar fita wanda kuku zai ja da hannu ba tare da jiran komai ya narke ba.

Sinadarin da ke cikin tulun ba baƙo ba ne ga wanda ya san yadda ake sabulun salo. Ruwa ne mai gishirin fotasiyam, dangin abin da mata ke tacewa daga toka su dafa da mai ya zama sabulu. Idan ya zuba a kan mai mai ci da wuta, sai ya mayar da saman man kumfar sabulu mai kauri, ta raba shi da iska, ruwan da ke ciki kuma ya rage masa zafi. Ba don ado aka koma ga wannan hanya ba. A da garin hoda ake fesawa, har gidajen abinci na Amurka suka bar kitsen dabbobi suka koma man tsirrai, aka kuma ƙera tukwanen suya masu riƙe zafi. Man tsirrai yana kama wuta da kansa ne a wajen digiri 360, kuma ko an kashe harshen wutar, muddin man bai huce ba zai sake kamawa. Hoda tana kashe harshe, amma ba ta sanyaya mai. Shi ya sa a 1994 aka fara aiki da ma'aunin gwaji mai suna UL 300, wanda na'urorin hoda suka kasa ci. Man gyaɗa da man waken soya da ake suya da su a Kano ba su san iyakar ƙasa ba, ɗabi'arsu a kan wuta ɗaya ce da ta na Amurka.

To, ga daren wanki. An rufe gidan abinci, an kawo matasa uku ko huɗu da bokitai da soso na ƙarfe da sinadarin soda mai cin maiƙo, wani lokaci da injin fesa ruwa mai ƙarfi. Ba wanda ya taɓa gaya musu mene ne waɗannan siraran bututai. Umarninsu ɗaya ne, kafin asuba rumfa ta yi ƙyalli.

Abu na farko da ke tafiya shi ne hulunan bakunan feshi. Kowane baki yana da ɗan murfi na roba ko na ƙarfe, wanda matsin sinadari ke tunkuɗewa ranar gobara. Amfaninsa kawai ya hana maiƙo shiga ramin feshin. Soso ya taɓa shi ya faɗi, aka share shi tare da datti, ba wanda ya lura. Daga ranar tiririn mai zai riƙa shiga ramin yana daskarewa, har ya zama kamar ƙaro. Ɗan hakin da aka raina ke nan, domin baki ɗaya da ya toshe yana nufin tukunya ɗaya da ba ta da kariya, kuma ba a san wace tukunya za ta kama ba. Sai kuma karkatar bakin. An saita kowanne ne a tsayi da kusurwar da maƙerin ya ƙayyade, ya dubi tsakiyar abin da yake karewa. Mai wanki ya dafa bututu don ya miƙa hannu lungu, bakin ya juya ya koma duban bango. Haka nan tukunyar suya mai ƙafafun taya, an ja ta gefe don a goge ƙasa, aka mayar da ita taku ɗaya daga inda take. Feshin zai sauka a inda tukunyar take jiya.

Mahaɗan nan masu narkewa kuwa suna tsakanin cuta biyu. Idan aka bar su, maiƙo ya lulluɓe su ya ƙone ya zama ɓawo, ɓawon ya tare zafi ko ya manne ƙarafan biyu har bayan mannen asali ya narke. Idan aka wanke su da soda, sinadarin ya ci ƙarfen ya ɓata ma'auninsa. Ba a wanke su, sauya su ake yi. Ƙa'idar NFPA 96 ta ƙungiyar kare gobara ta Amurka, wadda masu ƙera irin waɗannan na'urori kamar Ansul da Amerex ke aiki da ita, ta hana zuba sinadarin wanki a kansu, ta kuma ce a sauya su aƙalla duk wata shida.

Mafi muni shi ne aikin mai ɗan sani. Wannan ya taɓa ganin yadda tsintsiya ta taɓa waya na'ura ta tashi, kumfa ta cika madafa, gas ya yanke, mai gida ya zaftare masa kuɗin aiki. Saboda haka kafin ya fara wanki sai ya buɗe akwatin bango ya sa ƙusar tsaro, ko ya kwance ɗan tulun iskar ya ajiye. Dabara ce mai kyau a hannun wanda ya san aikin, domin ƙwararru ma haka suke yi. Amma ƙarfe huɗu na dare, ga gajiya, ga sauri, sai a rufe akwati a tafi da ƙusar a ciki. Daga waje komai lafiya. Na'urar na iya shafe watanni a haka, ana suya a ƙarƙashinta kullum, ana yi wa rogo kallon kitse. Wannan ne dalilin da ƙa'idar ta ce kada a dakatar da na'urar lokacin wanki sai a hannun wanda aka horar a kanta.

A nan ne sakacin mai gida yake fitowa fili. Aiki biyu ne a wuri ɗaya, wankin rumfa da bututu, da kuma duba na'ura. Mai wanki ya ce na'ura ba hurumina ba ce. Mai duba na'ura, idan ma ana kiransa, ya zo bayan watanni ya ce maiƙo ba hurumina ba ne, ya manna takardarsa a jikin akwati ya karɓi kuɗinsa. Mutum ɗaya ne yake biyan su duka biyun, shi ne kaɗai zai iya haɗa su a dare ɗaya, ko ya sa mai duba na'ura ya biyo sawun mai wanki da safe kafin a kunna murhu. Bai yi ba, domin a lissafinsa wanki aikin shara ne, kuma aikin shara ana ba wanda ya fi araha.

Ƙyallin da yake biya wa kuɗi ma ba inda haɗarin yake ba ne. Rumfa ita ido ke gani, amma maiƙon da ke cin gini yana cikin bututun da ya ratsa silin ya hau rufi, inda ba mai leƙawa. Na'urar tana da bakin feshi a mashigar bututun, sai dai an gwada ta ne a kan bututun da ake kula da shi, ba wanda maiƙon shekaru ya yi wa yaɓe ba. A watan Disamba na 1997 wuta ta tashi a bututun hayaƙin gidan abinci na Burger King a tasha ta ɗaya ta filin jirgin saman Heathrow da ke Landan, ta bi rufin ginin, aka soke tashin jirage masu yawa. A watan Agusta na 2007 a unguwar West Roxbury ta birnin Boston, maiƙon da ya taru daga bututun wani gidan abinci mai suna Tai Ho ya kama wuta a saman silin, ta daɗe tana ci a ɓoye, daga bisani ta yi ajalin ma'aikatan kashe gobara biyu. Bayan wannan ne hukumomin can suka wajabta wa masu wanke rumfunan madafa samun shaidar ƙwarewa. Sun gane cewa mai riƙe da soso a wannan wuri ma'aikacin kare gobara ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Masu gidajen abinci suna da amsa, kuma ba duka ce shirme ba. Suna cewa waɗannan ƙa'idodin Turawa ne, kayan sauyi daga waje ake kawo su da dala, ƙwararrun kuma ba su da yawa, sau da yawa sai an ɗauko su daga wani gari. Gaskiya ne akwai tsada. Amma wanda ya iya sayen na'urar ya riga ya amince da ƙa'idar da aka ƙera ta a kai, ba zai karɓi ƙarfen ya ƙi sharaɗinsa ba. Mahaɗi da hular feshi su ne mafi araha a cikin duk kayan, kuma da a ce an saye su da yawa tun ranar da aka girka na'urar, da ba a jira jirgi ba. Sannan yanayin aiki a nan ya fi na can buƙatar kulawa. Ƙa'idar Amurka ta ce a duba maiƙon bututu duk wata inda ake girki da itace ko gawayi, duk wata uku inda ake aiki ba dare ba rana ko ake gashi mai yawa, duk wata shida a matsakaicin wuri. Otal ɗin da ya shigar da gashin tsire da kaza a kan gawayi cikin madafarsa ya faɗa rukunin farko, domin tartsatsi yana hawa bututu kai tsaye. Ga ɗaukewar lantarki, fanka ta tsaya gas yana ci, tiririn mai ya tsaya cikin bututu yana kwantawa kafin janareta ya tashi. Ga ƙurar hunturu da ke haɗuwa da maiƙo ta zama laka. A Birtaniya ma'aunin da masu wannan sana'a ke bi ya ce a wanke idan kaurin maiƙo ya kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita a matsakaici, wato kaurin takarda biyu. Duk manajan da ya zare matata ɗaya ya haska bayanta da fitilar wayarsa zai san inda madafarsa ta tsaya.

Jami'an hukumomin kashe gobara, na tarayya da na jihohi, su ma suna da kaso. Binciken da ya tsaya a ƙirga jajayen tuluna a bango da karanta ranar da aka rubuta a jikinsu ba zai taɓa gano ƙusar da aka manta ba. A madafa ma irin tulun yana da muhimmanci: na wutar mai daban yake, mai alamar K a tsarin Amurka ko F a tsarin Turai, kuma an yi shi ne ya taimaka bayan na'urar rumfa ta tashi. Wanda ya watsa ruwa a kan mai mai ci kuwa ya ga tashin hankali, domin ruwan zai zama tururi ya kumbura kimanin sau 1,700, ya tashi da man mai wuta sama zuwa cikin rumfar. Jami'in da ya san aikinsa zai ce a buɗe akwati, ya duba shekarar da aka buga a jikin mahaɗi, ya tambayi wa ya yi wankin ƙarshe da kuma wa ya duba na'urar bayansa.

Mai gida ba ya buƙatar zama injiniya kafin ya yi nasa. A yarjejeniyar wanki a rubuta cewa ba mai taɓa akwati, waya ko bakin feshi, kuma kuɗi ba sa fita sai an nuna hoton cikin bututu daga ƙofofin dubawa har fankar rufi, kafin aiki da bayansa. Idan bututun ba shi da ƙofofin dubawa, to ba a taɓa wanke shi ba, komai yawan rasitan da ke ofis, kuma aikin farko shi ne a kira mai walda ya buɗe su yadda ƙa'ida ta tanada. A yi wa ƙasa alama da fenti a inda ƙafafun kowace tukunyar suya suke tsayawa. Washegarin wanki, kafin a kunna gas, shugaban kuku ya bi bakunan feshi ɗaya bayan ɗaya ya ƙirga huluna, ya tabbatar ba a jingine buhun shinkafa a gaban mariƙin ja da hannu ba, sannan ya sa hannu a littafi da kwanan wata.