A Daina Shafa Wa Kusoshin Taya Baƙin Mai



Maganar da ta taso a zamanmu na ranar Lahadi ba ta mutu ba, har yanzu ana ja-in-ja a kanta a tasha da bakin kasuwa. Shi ya sa muka ga ya dace mu faɗi matsayinmu a fili: al'adar nan ta dangwalo baƙin mai ko giris a shafa wa kusoshin taya kafin a ɗaure noti kuskure ce, kuma tana iya cin rai. Wanda abin ya ɓata wa rai ya yi haƙuri, gyara muke nema.

Kun san abin da ya jawo zancen. Ɗan uwanmu da ke jigilar fasinja da Sienna daga nan Legas zuwa gida ya ji motar tana rawa bayan ya wuce Ogbomosho. Da ya tsaya, sai ya tarar kusoshi biyu cikin biyar na tayar gaba sun karye. Mutum bakwai ne a motar, har da mai goyo. Allah ya tsare. Kwana biyu kafin nan ya canza taya, mai facin kuma ya yi masa "alheri" ya jiƙa kusoshin da ƙonannen baƙin mai don kada su yi tsatsa.

Ga yadda abin yake. Idan aka ɗaure noti, kusar tana ɗan miƙewa kamar roba, ja da bayan da take yi kuma shi ne ke matse wili a jikin hob. Ƙarfin da hannu ke sa wa sifana, kusan kashi tara cikin goma yana tafiya ne wajen gogayyar zare da ta gindin noti, ɗan ragowar ne ke miƙe kusa. Kamfanonin mota sun san haka, shi ya sa a mafi yawan ƙananan motoci awon da suke bayarwa na busasshen zare ne mai tsabta. A Corolla da Camry da Sienna, alal misali, Toyota ta rubuta Nm 103. To idan ka shafa mai, ka kashe gogayyar nan. Hannunka yana jin ƙarfin da ya saba ji, amma notin ya zarce inda ya kamata ya tsaya, kusar ta miƙe fiye da ƙima. Ƙarfe kuwa in ya wuce iyakarsa ba ya komawa. Ba za ta karye a gaban mai faci ba. Sai an yi lodi, an faɗa ramukan hanya, birki ya ɗau zafi, sannan ta ba da kai.

Sai a haɗa da ɗaya halin namu: a zura dogon fayif a wil sifana, yaron mota ya hau kai yana tsalle har sai notin ya yi ƙara. Wai wannan shi ne ɗauri! Mai a zare, ƙato a kan fayif, me ake so kusar ta yi?

Masu kare al'adar suna cewa tsatsa. Mun yarda, a nan sun faɗi gaskiya. Ruwan Kudu da iskar teku ba irin na Kano ko Sakkwato ba ne, kuma duk wanda taya ta taɓa fashe masa da dare noti ya ƙi kwancewa ya san wahalar. Amma maganin tsatsa buroshin waya ne da tsumma. A kankare zaren, a goge, a ɗaure shi a bushe. Kusar da tsatsa ta ci har zarenta ya lalace, canza ta ake yi, kuɗinta bai kai na awa ɗaya a asibiti ba. Idan wili ne ke maƙalewa a hob, musamman na alminiyam, ana iya shafa ɗan giris siriri a zoben tsakiya kaɗai, inda ramin wili ke zama. Ban da fuskar da wili ke kwanciya a kai, don ita da gogayya take riƙo, kuma giris in ya yi yawa ya ji zafi narkewa yake yi ya nufi birki.

Iyayenmu direbobin tirela sun ce su sun shekara talatin suna sa mai, ba abin da ya faru. Ranku ya daɗe, ba mu ƙaryata ku ba. Akwai manyan motocin da notinsu ke zuwa haɗe da washa, waɗanda littafinsu ya ce a ɗiga digo biyu na mai mai tsabta a ƙarshen zare da tsakanin noti da washa. Amma awon nasu, wanda ke kaiwa wajen Nm 600, da man aka lissafa shi. Digo biyu da kamfani ya auna daban, tsoma kusa a galan ɗin ƙonannen mai daban. Kuma dokar tirela ba ta hau kan Sienna ko Hiace ba. Kowa ya duba littafin motarsa.

Wani kuma ya ce to ashe mun hana sa wa boris giris. Ba mu ce ba. Boris ɗin da ake buɗewa dole ya sha giris, in ya bushe shi ma yana cire taya. Maganarmu a kan kusa da noti take.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Direba ya tsaya a kan motarsa lokacin da ake ɗaure taya, kada ya tafi shan shayi. A fara ɗaure noti da hannu, a bi su ɗaya tsallake ɗaya, ba a jere ba. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a tsaya a sake gwada su. Masu facin da ke cikinmu, 'yan uwanmu ne, mun san ba mugunta suke yi ba, haka suka koya a wurin iyayen gidansu. Amma daga yau wanda aka ce masa kada ya shafa, kada ya shafa.

Kwamiti zai kawo shawarar sayen sifana mai awo guda biyu a zama na gaba, ɗaya ta ƙananan motoci, ɗaya ta manya, a ajiye su a ofis duk mai buƙata ya ara. Wanda ke da ja a kan abin da muka rubuta ya zo da littafin motarsa ranar, mu buɗe shi tare a gaban jama'a.

Wassalam.
Sakatare