Rigar Iska Ta Mai Nutso: Shawara Kafin A Fitar Da Kuɗi

A duk sa'ad da ruwa ya ci mutum a madatsar Muhammadu Ayuba ta Kazaure, ko a wani gurbi na kogin Gari, ko a kududdufan da damina ke cikawa a ƙasar Roni da Gwiwa da Babura, waɗanda ake aika wa kira su ne masunta da 'yan su, bayin Allah da ke shiga da gajeren wando da numfashin ƙirjinsu kaɗai, suna lalube cikin laka har su fito da ɗan'uwanmu a yi masa sutura. Wannan farilla ce ta kifaya da suka ɗauke wa al'umma, kuma ra'ayina shi ne lokaci ya yi da ƙananan hukumominmu za su tanadar wa kaɗan daga cikinsu kayan nutso na zamani, bisa sharaɗin kada sayen ya zama kwangilar da ake ba wanda bai taɓa jiƙa ƙafa ba.

Asalin kayan na Faransa ne, inda Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska daga tukunya a 1943. Amma abin da nake son a duba da idon basira shi ne rigar iska, wadda mai nutso ke ƙara wa iska ko ya rage, don ya tsaya a zurfin da ya so, bai nutse ƙasa ba, bai taso sama ba. Masuncin da ke kwanciya a kan gora ya riga ya san rabin hikimar. Bambancin kawai shi ne gora ba ta matsewa, alhali iskar cikin riga tana komawa rabi a zurfin mita 10 saboda nauyin ruwa, tana kuma sake kumbura idan mutum ya nufo sama. Wanda bai saki iskar a kan lokaci ba, rigar za ta fizgo shi da gudu, kuma tasowa da gaggawa, musamman da riƙe numfashi, tana iya yaga huhu.

Saboda haka sharaɗi na farko shi ne a auna rigar a jikin wanda zai sa ta, da tukunyar a goye, domin wadda ta yi yawa takan hau wa mutum har kunne, wadda ta yi kaɗan kuwa takan matse haƙarƙari da zarar an hura. Sa'an nan a tuna cewa akasarin waɗannan riguna an ɗinka su ne don masu yawon buɗe ido a teku mai garau, suna da aljifai da zobba da igiyoyi na lilo ta ko'ina, alhali mu ruwanmu ja ne, mutum ba ya ganin tafin hannunsa, ga kututturan itatuwa, ga tsohon taru, ga ƙugiyoyin mamari da aka manta. A irin wannan ruwa kowace igiya mai lilo tarko ce. Ni a ganina, wadda ta fi dacewa da mu ita ce mai faranti a baya da jakar iska ɗaya da ɗamara guda, domin ana daidaita ta ga siriri da kakkaura, kuma idan jakar ta huje ana musanya ta ba tare da an zubar da sauran ba. Lalle ne kuma ɗamarar dalma, wadda ke ƙara wa mai nutso nauyi, ta zama mai kwancewa da hannu ɗaya, wuƙa tana inda hannu zai kai gare ta cikin duhu. Kuma a rage dalmar, tun da ruwan daɗi bai kai na teku ɗaga jiki ba.

Na san za a ce a sayo na gwanjo don sauƙi, kuma ban haramta ba, muddin za a hura rigar tam, a ajiye ta ta kwana, a ga ko ta sace. Zafin bazara yana busar da roba, ƙurar hunturu tana shiga maɓallin hurawa ta maƙale shi, kuma maɓallin da ya maƙale a buɗe ya fi wanda ya ƙi aiki haɗari. Haka nan tukunyar ba a cika ta da injin mai faci. Tana buƙatar injinta na musamman mai tace iska, a girke nesa da hayaƙin janareto, in ba haka ba guba za a ɗura wa bawan Allah.

Akwai kuma wata shubuha da ya wajaba a kawar, wato ɗaukar wannan riga a matsayin rigar ceto ta fasinjan kwale-kwale. Rigar ceto mai kyau tana juya wanda ya suma fuskarsa ta dubi sama, ta mai nutso kuwa tana iya kifa shi. Ba mu manta da musibar Bagwai ta ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga Badau ya kife a madatsar Watari, mutum 29 aƙalla suka riga mu gidan gaskiya, galibinsu ɗaliban Islamiyya. Rigunan ceto ne aka rasa a ranar, kuma kuɗin rigar nutso ɗaya ya isa ya sayi da dama daga cikinsu. Idan aljihun ƙaramar hukuma ba zai ɗauki biyun ba, to a fara da na fasinja, a ɗora wa sarakunan ruwa alhakin hana kowa shiga jirgi ba tare da ita ba. Kayan nutso kuwa ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura su haɗa kuɗi su sayi kaɗan masu nagarta, a ajiye a Kazaure, kuma kada a miƙa su ga kowa sai wanda ya je ya koyi aiki da su a hannun gwani.