A Faɗi Aibin Tsohuwar Mota Kafin A Yi Ciniki

Duk wanda ya zaga unguwannin Daura, tun daga Kusugu har zuwa bayan gari, ba zai rasa ganin tsohuwar mota a ƙofar wani gida ba. Tayoyinta sun sace, an ɗora ta bisa bulo, ƙura ta rufe gilashinta, awaki kuma sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci na ma'aikatan gwamnati ne, masu ci da waɗanda suka yi ritaya, kuma kowace tana da ranar da aka shigo da ita gida ana murna ana sa albarka. Yau ga ta ta zama kaya, mai ita yana tsakanin ya gyara, ya sayar, ko ya bari ruwa da rana su cinye ta.

Asalin wannan hali yana da tarihi. A shekarar 1975, lokacin da aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, na Volkswagen kuma a Legas. A wancan zamani matsakaicin ma'aikaci yakan karɓi rancen mota ya fito da sabuwar Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, tana ƙamshin leda. Da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, sai aka koma ga motocin Kwatano, waɗanda Turawa suka gama hawa, ana biyo da su ta Jamhuriyar Nijar. Daga farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sannan a watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a wurare da yawa cikin 2024. Naira ta ƙara faɗuwa, 'yar Kwatanon ma ta gagari mutane.

Wannan ne ya dawo wa akwalar mota da daraja. Malamin makaranta ko saurayin da ya fara aiki, wanda ba ya da halin sayen mai lafiya, sai ya sa ido a kan wadda ke kwance, da niyyar ya riƙa gyaranta kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata. Niyya ce mai kyau, cinikin kuma halal ne. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake yin cinikin.

Abin da aka saba gani shi ne, da zarar mai mota ya ƙudura sayarwa, kuɗin da ya kamata ya kai wa bakanike sai ya kai wa mai fenti. A cike ramukan tsatsa da ƙullu, a fesa sabon launi, a wanke inji tas don kada a ga inda baƙin mai ke yoyo. Wani yakan zuba mai kauri domin ya danne ƙarar inji ya rage hayaƙi, wani ya tayar da motar ta yi zafi kafin mai saye ya iso, saboda ya san da safe ba ta tashi sai da turi. Wani ma har mitar da ke ƙirga kilomita yakan sa a mayar baya. Dillali kuwa, wanda la'adarsa ta dogara ga faɗuwar ciniki, sai ya yi ta rantsuwa cewa motar ta wani dattijo ce da ba ya zuwa ko'ina da ita sai masallaci. Mai saye ya biya, ya kama hanyar Kano, kafin ya kai Kazaure inji ya buga.

Wanda aka yi wa haka ba attajiri ba ne. Sau da yawa kuɗin adashi ne ko bashin ƙungiyar ma'aikata ya kwasa ya saya, ga shi yanzu ba mota, ba kuɗi, ga bashi ana cira daga albashi. Kuma a gari irin Daura, inda kowa ya san kowa, mai sayarwa da mai saye za su ci gaba da haɗuwa a wurin suna da jana'iza. Ribar da aka ci ta ƙare cikin wata guda, baƙin sunan kuwa ya bi mutum har 'ya'yansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Tarihin garin ma yana da abin koyi a nan. Labarin Bayajidda ya nuna cewa mutanen Daura sun san akwai maciji a rijiyar Kusugu, shi ya sa suke kiyaye ta, ba su ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Wahala suka sha, amma sun san abin da suke tsoro. Aibin da aka sani ana iya shirya masa. Wanda aka ɓoye shi ne ke sarar mutum yana tsakiyar jan guga.

Shari'a ba ta bar wannan al'amari a buɗe ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai a duk ƙasar Hausa, ya hana algus da ɓoye aibin kaya a babin ciniki, kuma a mazhabar Malikiyya wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da damar mayar da shi ya karɓi kuɗinsa. Dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye, wadda aka sa wa hannu a 2019, ita ma ta hana yaudarar mai saye game da ingancin kaya. Sai dai shari'a tana cin lokaci da kuɗi, tana kuma ɓata zumunci. Rigakafi ya fi magani.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. Mai mota ya kira bakaniken da ya saba duba ta, su zauna su rubuta duk abin da ke damunta: inji yana shan baƙin mai, giya ta biyu tana fita, lagireto yana yoyo, ta taɓa yin karo an yi mata walda a gaba. Sannan a yi lissafi a fili. A ce irinta mai lafiya tana kai naira miliyan 3, gyaran kuma zai ci miliyan 1, to, farashinta ya kamata ya sauka ƙasa da miliyan 2, domin mai saye zai sa lokacinsa da zirga-zirgar neman kayan gyara a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, kuma duk wanda ya taɓa sauke inji ya san sai an buɗe ake ganin sauran ɓarna.

Wani zai ce faɗin gaskiya karya farashi yake yi. Haka ne, yana rage kuɗi. Amma yana kawo mai sayen da ya dace, wato bakanike, ko direban haya da ke da irin motar yana neman kayanta, ko matashin da ya san aiki ya saya kuma ya shirya masa. Irin waɗannan ba su dawowa da ƙara. Jinkiri ma asara ne, gama motar da ke kwance kullum ƙara lalacewa take yi. Batir ya mutu, tayoyi su tsage, birki ya cije, ɓeraye su cinye wayoyi, har ta kai matsayin da 'yan gwangwan kaɗai za su taya, su auna ta da kilo. Da yawa sun ƙi sayarwa don kunya ko don tunanin kuɗin da suka saye ta a da, suka ƙare da sayar da ƙarfe.

Shi ma mai saye yana da nasa aikin. Kada ya je shi kaɗai, kada kuma ya dogara da bakaniken dillali. Ya je da sassafe ya ga yadda take tashi inji na sanyi. Ya dubi salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce inji yana ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa alama ce ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Ya zaro sandar auna mai, in ya ga man ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi. Ya leƙa ƙarƙashi ya duba tsatsa da tabon walda. Bayan haka ya tambayi kansa ko albashinsa zai ɗauki gyara da fetur tare da cefanen gida.

Sai batun takardu, wanda a ƙasar Daura ya fi na ko'ina muhimmanci saboda kusancin iyakar Kwangwalam. A gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke rubuce, a ga takardar kwastan da ta shaidar mallaka, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu tare da jerin aibobin da aka faɗa, sannan a je ofishin lasisi a canja suna. Wanda ya sayar bai canja ba, ranar da aka kama motar da kayan fasa-ƙwauri ko ta kaɗe wani, ƙofarsa 'yan sanda za su fara ƙwanƙwasawa.

Daga ƙarshe, akwai kira ga hukumomi da shugabannin sana'a. Ƙungiyoyin dillalan mota da na makanikai a Daura, Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Ɓaure su mai da rubuta aibi ƙa'idar ciniki, su kuma hukunta ɗansu da ya yi rantsuwar ƙarya. Ma'aikatun da ke yin gwanjon tsofaffin motocinsu su fara ba da misali. Motocin da suka wuce hawa kuma, maimakon su ruɓe a ƙofar gida, a miƙa su ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri da ke Daura, ɗalibai su kwance su ɗaura, su koyi sana'a da hannunsu.