ALLO DA ALLI: Gidan Rediyon da Babu Sunansa a Rajista

 

Mu malaman makaranta mun san abu guda: yaron da babu sunansa a rajista, ko kullum yana zaune a aji, a wurin hukuma ba ya nan. To, irin wannan hali ne ƙananan gidajen rediyon intanet ke shiga, kuma maganar ta shafe mu, tunda samarinmu na zango sun fara buɗe irin waɗannan tashoshi, dangi kuwa da ke Turai da Amurka ta nan suke jin Hausar gida.

Bari mu yi bayani dalla-dalla. Rediyon intanet ba shi da mita da za a murɗa a kamo. Kowace tasha tana da adireshi, dogo mai wuyar riƙewa. Don haka wasu kamfanoni suka tara sunayen dubban tashoshi wuri ɗaya, mai sauraro ya duba ya zaɓa. Daga cikinsu akwai Shoutcast, wanda ya fito a 1998, da TuneIn na Amurka, da Radio Garden na ƙasar Holan, wanda ya fito a 2016. Aikinsu tamkar na maigida ne a zango, wanda ke saukar da baƙon falke ya haɗa shi da mai saye. Ranar da maigida ya ce babu masauki, goro sai ya bushe a huhu.

Haka kuwa aka yi a Ingila. A 2017 kamfanonin waƙa biyu, Sony da Warner, suka kai TuneIn ƙara a London, suna cewa yana haɗa mutanen Ingila da tashoshin ƙetare masu sa waƙoƙinsu ba tare da lasisin ƙasar ba. A watan Nuwamba na 2019 kotu ta ba su gaskiya a kan wannan batu, a 2021 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Sakamakon haka TuneIn ya toshe tashoshin waje masu ɗimbin yawa ga masu sauraro a Ingila, a 2022 Radio Garden ma ya bi sahu. Tashoshin nan ba a rufe su ba, suna ta watsa shirye-shiryensu, amma baƙon da ke zaune a London ya duba rajista ya tarar tashar garinsu ta ɓace.

Wani lokaci ma maigidan ne da kansa yake tashi. Kamfanin Live365, wanda ya ɗauki nauyin dubban ƙananan tashoshi a Amurka, ya rufe a ƙarshen Janairun 2016 bayan an sauya tsarin kuɗin haƙƙin waƙa, sai a 2017 ya dawo a hannun wani mai shi. A 2021 kuma aka dakatar da rajistar Reciva, wadda wasu akwatunan rediyon intanet suka dogara a kanta, masu su suka wayi gari da akwati ba jerin tashoshi.

Kada mu yi saurin ɗora laifi duka a kan kamfanoni. Mawaƙi yana da haƙƙi a kan guminsa, namu na gida ma haka. Wanda ya kwashi waƙoƙin mutane yana sawa dare da rana bai biya ko kwabo ba, kada ya yi mamaki in an goge sunansa. Abin takaicin shi ne in an tashi shara ba a cika tsayawa tantancewa ba.

To mene ne mafita? Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Na farko, kowace tasha ta mallaki adireshinta, gajere, ta riƙa faɗarsa a iska safe da yamma har yara su haddace. Na biyu, kada a tsaya a rajista ɗaya. Akwai Radio Browser, wanda jama'a ne ke tafiyar da shi kuma kowa na iya sa tasharsa kyauta, akwai kuma manhajar Icecast, wadda tun 1999 ake amfani da ita ba da kuɗi ba, tana da tata rajistar. Na uku, a riƙe masu sauraro kai tsaye ta zauren WhatsApp, domin in adireshi ya sauya a sanar da su a yini ɗaya. Na huɗu, a je ofishin GHAMRO, mai karɓar wa mawaƙan ƙasar nan haƙƙinsu, a ji sharaɗi, amma a sani lasisin Ghana ba ya ɗaure kotun Ingila. Na biyar, a yawaita abin da yake namu: tafsiri, sanarwar aure da rasuwa, farashin kasuwa, tatsuniya, hira da dattawa. Waɗannan babu kamfanin da zai ce nasa ne.

Mu da muke 'yan tsiraru a ƙasa, mintocin da ake ba harshenmu a manyan gidajen rediyo ba su da yawa. Idan Allah Ya hore mana namu, bai kamata makullinsa ya zauna a aljihun wani ba. Iyaye, a tambayi yaran nan masu tasha: in an cire ku gobe, ina za mu same ku?

Allah Ya sa mu dace. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.